Gayyar Jarrabawa a Fakku

Tambuwal,
Litinin, farkon watan Yuni.

Zuwa ga Gwaggo Batula,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan kina lafiya, ke da mutanen gida da duk masu aiki a ɗakin shan magani na Fakku. Ya ciwon gwiwar? Mu nan lafiya lau. Baba ya warke daga murar da ta kama shi, sai ɗan tari da safe. Ya ce in gaida taubashiyarsa, in kuma gaya miki wai tun da ya sayi babur ya daina zama bawan kowa. Ni dai na isar da saƙo.

Na rubuto ne maimakon in kira, don na san sabis ba ya kamawa a wajenku sai a bakin kasuwa, kuma ba na son rabin gari ya ji. Ɗanmaliki mai kabu-kabu ya ce duk mako yana bi ta Kebbe ya shiga Fakku, shi zai riƙa kai mana yana kawowa.

Maganar kwas ɗinmu ce, na lafiyar mai ciki da jariri, wanda ƙungiyarmu ta ɗora a intanet, matanki tara na sa-kai ke saurare a wayar da muka aiko miki. Shugabarmu, Malama Zahara'u, ta kai shi gaban hukumar da ke tantance irin waɗannan kwasa-kwasai. In hukumar ta amince da shi, takardar shaidar da za mu ba ɗalibai za ta zama wadda ake karɓa wajen ɗaukar aiki. In ba ta amince ba, takarda ce kawai mai ado, kuma masu ɗaukar nauyinmu sun ce nan za su tsaya. Aikina na farko ke nan tun da na gama makaranta, Gwaggo.

Sun duba darussan, sun ce babu gyara sai a wuri biyu, na gyara. Abin da ya rage shi ne sakamakon jarrabawa daga aji na ƙauye. Ajin Sanyinna bai gama darussa ba, don haka ku kaɗai muke da su. Tambayoyi talatin ne. Za a sauke su a inda ake samun sabis, daga nan ko babu sabis suna aiki. Kowace ta shiga da lambarta. Ana so kafin ƙarshen wata.

Ban taɓa gaya miki inda na ɗauki muryar darussan ba. Wani ɗan sito ne a bayan ofis, muka jingina katifu a bango don kada kukan babura ya shiga. Babu taga. Ina magana ni kaɗai da katifa, amma a raina ina ganin muryar tana fita ta ƙarƙashin ƙofa, ta bi hanyar Kebbe, ta wuce fadamu da garken shanu, ta sauka a tsakar gidan da ban taɓa gani ba, inda wata mata ke tankaɗe ta tsaya da rariya a hannu. Har zane nake saka mata, shuɗi. Don Allah ki gaya mini yadda suke, ko ɗaya ce daga cikinsu.

Ɗiyarki,
Nuriyya.

Fakku,
ranar Asabar.

Ɗiyata Nuriyya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso tana warin fetur. Muna lafiya, gwiwa tana nan tana faɗa mini za a yi ruwa tun kafin hadari ya haɗu. Ki ce ma ubanki Lauwali babur ba ya 'yanta bawa. Ni ɗiyar namiji ce, shi ɗan mace, ko jirgin sama ya saya ni ce da shi.

Kin tambayi matana. Sun san ki sarai, Yarinyar Waya suka ce miki. Ruwaida, wadda ta fi su boko, ta iya muryarki har ta fi ki. In wata ta zubar da gishiri sai ta maƙe murya ta ce, "A lura da kyau, wannan alama ce ta haɗari." Akwai Atu, ita ce babbarsu, mijinta ya rasu bara waccan. Babu gidan da ba ta shiga a garin nan, ita ke rako masu ciki awo ko da mazansu na tsuke fuska. Ta ce kina magana kamar mai tsoron tada jariri daga barci. Ba ta da shuɗin zane, na duba miki. Abin da take so a duniya shi ne ta sa farin hijabi ta zauna bayan teburin awo, a ce mata ma'aikaciya.

To albishirinki, mun gama jarrabawa.

Ga yadda anka yi. Rumfar da mata ke zama jiran awo ƙasanta ya farfashe, na ce sai an daɓe ta kafin ruwa ya zauna. Munka kira gayya ran Alhamis. Tun da safe anka zuba tsakuwa, anka yayyafa ruwan makuba, mata sunka jeru kowace da madaɓinta, ana bugu ana waƙa har ƙasa ta kwanta ta yi sheƙi. Da anka gama anka sha fura, na duba na ga duk taran suna wuri ɗaya, abin da ba ya samuwa da damina. Na ce to ga wata gayyar. Ruwaida dama ta sauke tambayoyin a bakin kasuwa. Munka koma inuwar ɗorawa, ita tana karantawa, kowa na faɗin nata, a yi gardama, in an daidaita sai a riƙe. Tambayar mai ciki da ta kama jijjiga ta kusa raba zumunci. Maimuna mai goyo ta ce a kwantar da ita rigingine, Atu ta ce, "Ke ko akuya ba a kwantarwa haka," anka yi ta yi har la'asar. Bayan nan kowace ta shiga da lambarta kamar yadda kinka ce, ta danna abin da anka daidaita.

Duk sun ci, ba mu bar kowa baya ba. Da wayar ta nuna ma Atu ta ci, ta rufe fuska da gefen zane ta daɗe ba ta buɗe ba.

Na ba Ɗanmaliki man shanu ya kawo miki. Ki duba ko ya rage a hanya.

Gwaggonki,
Batula.

Tambuwal,
Talata.

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Man shanu ya iso, na gode.

Na karanta wasiƙarki, sannan na buɗe kwamfutar ofis na duba. Duk taran maki ashirin da shida suka samu. Tambayoyi huɗun da suka faɗi iri ɗaya ne, kuma amsar da suka zaɓa a kowace iri ɗaya ce. Duk wanda ya kalli wannan zai gane ba kai tara ne ya yi ba.

Ƙa'idar hukumar a rubuce take: dole kowane ɗalibi ya yi jarrabawarsa shi kaɗai, ba tare da taimakon kowa ba. Abin da ya saɓa wa haka sunansa maguɗi a wurinsu, kuma suna iya hana ƙungiya sake nema gaba ɗaya. Ba ajin Fakku kaɗai zai shafa ba, har Sanyinna da duk wanda zai zo baya.

Ban tura sakamakon ba. Ba zan iya turawa ba. Don Allah kada a gaya wa kowa a gari cewa sun ci, in kuma an riga an faɗa, a dakata. Ki karɓi wayar ki ajiye a wurinki har sai kin ji daga gare ni. Ki kuma rubuto mini ko akwai wadda ta kwafe tambayoyin a takarda.

Nuriyya.

Tambuwal,
Juma'a, cikin watan Yuli.

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida gwiwa, ina gaida Atu da Ruwaida da Maimuna da sauran da ban san sunayensu ba sai lambobinsu. Mu lafiya, sai dai ni ba na iya cin abinci sosai.

Ban ji daga gare ki ba. Na je tashar 'yan kabu-kabu, suka ce ba su ga Ɗanmaliki ba, wani ya ce yana Kebbe, wani ya ce ya sayar da babur ɗin. Na kira wayarki, a kashe. Na sake karanta kwafin wasiƙar da na aiko miki, na ga ko tambayar lafiyarki ban yi da kyau ba, kuma na sa kalmar maguɗi. Kalmar hukuma ce, Gwaggo, ba tawa ba. Cikin gaggawa na rubuta ta. Baba ya ce, "Batula ba ta fushi da baki rufe, in ta yi fushi har Tambuwal za a ji." Ban sani ba ko don ya kwantar mini da hankali ya faɗa.

Na gaya wa Malama Zahara'u komai. Da farko dariya ta yi har ta dafe tebur, tana cewa, "Gayya? Da madaɓi?" Sai ta gyara zama. Ta ce, "Nuriyya, ban da ke wa ya lura?" Na ce babu. Ta ce, "Kin san in muka faɗa suna iya rufe maganar?" Na ce na sani. Ta juya biro a hannu ta daɗe, sannan ta ce in jawo kujera mu rubuta musu tare. Mun rubuta yadda abin ya faru, ba ragi ba ƙari.

Sun amsa. Sun yarda a sake, sau ɗaya. Za su aiko jami'insu har Fakku da sababbin tambayoyi, kowace mace ta shiga ɗaki ita kaɗai a gabansa. Sai bakwai cikin tara sun ci za a amince da kwas ɗin. Ni ba a yarda in zo ba, don ni na shirya darussan.

Jiya da azahar ruwa ya tsare ni a ofis, na kifa kai a tebur barci ya ɗauke ni. Na ga daɓen nan naku, amma ya yi faɗi har ba a ganin ƙarshensa, yana sheƙi kamar ruwan fadama. Matan suna zaune nesa da juna, kowace da ɗan hasken waya a fuskarta. Ina ta tafiya a tsakaninsu ina so in yi magana, sai muryata ta riƙa fitowa daga wayoyin, ba daga bakina ba, kuma ba abin da nake son faɗa take faɗa ba. Na farka an ɗauke ruwa, wata 'yar tsuntsuwa na wanka a kwatami.

Wannan zan ba direban motar allurar rigakafi, ya ce zai bar ta a Kebbe. Ko layi ɗaya ne ki rubuto, ko na faɗa ne.

Ɗiyarki,
Nuriyya.

Fakku,
Laraba.

Nuriyya,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu ƙalau, ki ci abinci. Rafin da ke tsakaninmu da Kebbe ne ya cika ya cinye hanya. Ɗanmaliki bai sayar da komai ba, yana can ƙetare yana cin tuwon surukansa. Waya kuma babu inda za a yi mata caji, mai janareto ya rasa mai. Takardarki ta bayan nan a cikin hular wani mai kwalekwale ta ƙetaro.

Ubanki bai san ni ba. Na yi fushi, kuma da baki rufe na yi shi. Na rubuta miki amsa mai zafi, da na rasa mai kai ta sai na hura wuta da ita. Shekarata nawa ina karɓar haihuwa a garin nan, ban taɓa ɓoye ko allura ba, sai ga ɗiyata da kalmar da ake faɗa wa ɓarayin ƙuri'a. Jarrabawar da na sani tana da benci da mai tsaro da bulala. Wagga ba ta da ko ɗaya, a cikin waya ta taho kamar sauran darussan, kuma darussan tare munka saurare su. A nan in mace ta fara zubar da jini, wa ke tsayawa ita kaɗai? Wata na riƙe fitila, wata na neman babur, wata na tuna abin da wata ta manta. Abin da nika gani ke nan, har gobe.

Amma na kwana da maganar. Akwai ranar da za a buga ma ɗayansu ƙofa a rugar da ba kowa, babu Ruwaida babu ni. Hukumarku wagga rana take tambaya. Na gane, ko da ban so ba.

Na tara su na gaya musu. Ruwaida ta ce, "To a ce ma Yarinyar Waya ta lura da kyau, wannan alama ce ta haɗari." Anka yi dariya. Maimuna ta ce ita dama jaririnta ne ya danna mata biyu. Atu ba ta yi dariya ba. Ta riga ta gaya wa 'yan'uwan mijinta ta ci, har sun kawo mata goro. Ta ce, "Ni kaɗai da baƙo a ɗaki? Ni da ko kasuwa ban taɓa zuwa ba abokiyar tafiya?" Na ce ƙofa a buɗe za ta zama, muna waje tana ganinmu. Ta ce, "Ganinku ba shi ne jinku ba."

Sun yarda dai. Ruwa ya fara janyewa. Ki ce ma mutumin hukumar ya taho da takalmin da ba ya so.

Batula.

Fakku,
Lahadi, ƙarshen Yuli.

Ɗiyata,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, gero ya fara kai. Na san ba ki barci, don haka ba zan jira Ɗanmaliki ba, malamin firamare zai kawo miki wagga.

Jami'in ya taho jiya, Malam Abdulkarimu sunansa, taɓo har gwiwa, ga fararen kaya. Mutumin kirki ne, ya gaida kowa, ya sha ruwa, amma ko fura ya ƙi karɓa sai an gama. Ya zauna a ɗakin magani bakin taga, ya bar ƙofa buɗe. Mu muna rumfa a zaune. Ban taɓa ganin matan nan shiru haka ba ko a gidan rasuwa. Kaji kaɗai ke yawo tsakaninmu.

Atu ta ce ita za ta fara, don in ta jira zuciyarta za ta fito. Ta shiga. Ina hangen ta, wayar na karanta mata tambaya, sai ta ɗaga kai ta dubi gefenta na dama, inda Ruwaida ke zama kullum, ta ga bango. Haka ta riƙa yi. Ta san da yawa daga ciki, amma ba ta saba yarda da kanta ba sai wata ta ce haka ne. Lokaci ya cika ba ta kai ƙarshe ba. Ta fito ta wuce mu, ta ɗauki takalmanta a hannu ta tafi gida.

Ta biyu ta ci. Ta uku ta ci. Maimuna ta faɗi da maki ɗaya, ta fito tana cewa wanga karon ma laifin jaririn ne, alhali yana bayana. Daga nan babu sauran wurin faɗuwa, kowa ya sani ba a faɗa ba. Fuɗu sunka shiga ɗaya bayan ɗaya, sunka ci. Saura Ruwaida, mai bakin nan, sai ga ta tana rawar sanyi da rana tsaka. Na ce, "Ina muryar?" Ta ce, "Gwaggo, ta koma Tambuwal." Ta shiga, ta daɗe, ta fito, sai ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu kamar wadda ta dawo daga itace. Malam Abdulkarimu ya leƙo ya ce, "Yanzu a kawo furar."

Bakwai ne, Nuriyya. Ya ce sauran magana ta ofis ce, amma ya rubuta abin da ya gani.

Gwaggonki.

Tambuwal,
Alhamis, tsakiyar Agusta.

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaida ku duka. Mu lafiya, na koma cin abinci har Baba na yi mini tsiya.

Takardar hukuma ta iso. Sun amince da kwas ɗin na shekara uku, da sharaɗin duk jarrabawa a yi ta gaban mai sa ido. Malama Zahara'u ta sa an yi mata firam. Ni na shiga siton nan na rufe ƙofa na zauna tsakanin katifu, ban san me nake ji ba. Na daɗe ina mafarkin wannan rana, kuma a mafarkin takardun shaida tara ne. Jiya na buga bakwai.

Na tambaya, na kuma sa an rubuta mini: wadda ta faɗi tana iya sakewa bayan wata uku, kuma takardarta daidai take da ta sauran, ba a rubuta karo na nawa ta ci. Ki gaya wa Maimuna. Atu kuwa ban san da wane baki zan aika mata ba. Da na yi shiru, da yanzu tana da takarda, ko da ban san me zai biyo baya ba. Ba na nadamar abin da na yi, amma ina ganin ta da takalma a hannu.

Ina da hutu a watan gobe. In kin yarda zan zo Fakku in zauna da ita, mu bi darussan tare daga farko.

Ɗiyarki,
Nuriyya.

Fakku,
Asabar.

Ɗiyata Nuriyya,

Wa alaikumus salam. Barka, Allah ya sa albarka. Muna lafiya, an fara cin sabon gero. Ki gaida bawana.

Atu ta yi kwanaki ba ta leƙo mu ba, ko rakiyar awo ta bari. Shekaranjiya sai ga ta da hantsi, ba ta zauna ba, ta miƙo hannu ta ce a ba ta wayar. Ta tafi da ita ɗakinta ta sa sakata. Na bi ta baya na laɓe, Allah ya yafe mini. Ina jin muryarki, ina jin tata tana cewa, "Tsaya, yarinya, kada ki faɗa, bari in faɗa." Sai ta faɗa, sai ta saki muryarki ta ji ko daidai ne. In ta yi kuskure tana zagin kanta, in ta dace tana zaginki. Ruwaida ta je ta ce ta taho taimako, Atu ta biyo ta da muciya har ƙofar gida.

Na karanta mata abin da kinka rubuta na zuwa. Ta ce in rubuta miki haka, ba ragi: "A ce mata kada ta taho yanzu. In na gan ta kusa da ni zan dube ta kafin in amsa."

Don haka ki riƙe hutunki. In wata uku sun cika mutumin ya dawo da fararen kayansa, zan aiko Ɗanmaliki ya ɗauko ki. Ki zauna da mu a rumfa, ki yi shiru kamar kowa, har ta fito.

Gwaggonki,
Batula.